Hular Haƙori da Gada a Wani Asibitin Haƙori na Kano: Sharhi Bayan Wata 14

Na jinkirta rubuta wannan sharhi da gangan har sai da aikin ya kwana biyu a bakina, domin aikin haƙori ba ɗinkin riga ba ne da za a gwada a gaban madubi a yanke masa hukunci nan take. Yau wata 14 ke nan da aka ɗora mini hula, wato murfin da ake ƙerawa a rufe haƙori da shi, a kan wani haƙori na sama da ya fashe, aka kuma yi mini gada mai haƙori uku a ƙasa don cike wani tsohon giɓi, duka a wani asibitin haƙori mai zaman kansa da ke cikin Kano. Ba zan ambaci sunan asibitin ko na likitar ba, amma zan bayyana yadda aikin ya gudana dalla-dalla, inda suka burge ni da inda suka gaza, saboda na lura mutane da yawa suna shiga irin wannan aiki mai tsada ba tare da sun san abin da za a yi wa bakinsu ba.

Giɓin nawa ya daɗe. Shekara tara kafin wannan aiki aka cire mini turmin farko na ƙasa a ɓangaren hagu bayan ya ruɓe ya yi kogo. Wannan turmi shi ne yake fitowa tun yaro yana da kimanin shekara shida, a bayan haƙoran nono, shi ya sa iyaye da yawa suke ɗaukarsa a matsayin wanda zai faɗi ya sake fitowa, alhali shi ke nan har tsufa. Da yake giɓin yana can ciki ba a ganinsa ko da na yi dariya, sai na share batun, na koma tauna da ɓangaren dama kawai ba tare da na ma lura na yi hakan ba. Ɓangaren daman ne ya yi ta ɗaukar nauyin duka, har wata rana ina cin shinkafa da wake na tauna tsakuwa, wani haƙori na sama da ke bayan fiƙa, wanda dama yana da tsohon ciko, ya tsage gida biyu. A daren nan ko ruwan randa ban iya kurɓa ba.

Akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke samun horo, kuma abokai sun ba ni shawarar in je can. Abin da ya kai ni asibitin kuɗi shi ne lokaci, domin suna buɗewa har bayan sallar Isha'i da kuma ranar Asabar, ni kuma aikina ba ya sakina da rana. Abin da na fara dubawa da na shiga shi ne takardar rajistar likitar da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda aka rataye a bango inda kowa zai gani. Wurin jira ƙarami ne, kujeru ba su fi takwas ba, amma a share yake tsaf, kuma a duk zuwan da na yi ban taɓa ganin aiki ya tsaya saboda ɗauke wuta ba, domin suna da sola da janareta. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, kowane zuwa a gabana ma'aikaciyar take yage ledar kayan aiki da aka gasa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta. Duk wanda ya san yadda ciwon hanta yake yaɗuwa ta hanyar ƙarfen da ya taɓa jinin wani, zai fahimci dalilin da ya sa na ɗauki wannan da muhimmanci fiye da kyan kujera ko sanyin na'urar ɗaki.

Ganawar farko ita ce mafi daraja a duk abin da na biya kuɗinsa. Bayan an ɗauki hoton haƙoran, likitar ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta nuna mini abin da shekara tara na sakaci suka haifar. Turmin da ke bayan giɓin ya karkata gaba kamar katangar da ruwa ya ci gindinta, wanda ke samansa kuma ya zazzago ƙasa kaɗan saboda ba shi da abokin haɗuwa, sannan ƙashin wurin da aka cire haƙorin ya sirance. Ta bayyana mini cewa haƙora jingine suke da juna, idan aka zare ɗaya sauran sukan fara tafiya a hankali. Daga nan ta shimfiɗa mini hanyoyi uku: haƙorin roba da ake cirewa a wanke, ko dashe, ko gada. Dashen shi ne a kafa ƙusar ƙarfen taitaniyom a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni har ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kai, hanyar da wani likitan Suwidin mai suna Branemark ya fara gwadawa a bakin ɗan Adam a shekarar 1965. Ta gaya mini ƙarara cewa dashen ya fi kare maƙwabtan haƙora tunda ba ya taɓa su, amma ita ba ta yin sa, sai dai ta tura ni wurin wani ƙwararre, kuma da yadda ƙashina ya sirance mai yiwuwa sai an ƙara masa ƙashi kafin a kafa ƙusar. Kuɗin da ta ƙiyasta mini ya ninka na gada fiye da sau biyu.

Likitar da za ta yabi aikin da ba ta yi, ta kuma nuna wa majiyyaci ƙofar wani, ta cancanci a faɗi alherinta. Har yanzu ina tuna yadda ta ce mini: "Malam, ka sani gada ba a kan iska take tsayawa ba, sai an sassaƙe haƙoran nan biyu na gefe, kuma abin da aka sassaƙe ba ya dawowa." Wannan ita ce maganar da ya kamata duk mai son gada ya ji tun kafin ya biya ko kwabo. Ana rage kaurin haƙoran da za su zama ginshiƙai da kimanin milimita ɗaya zuwa biyu ta kowane gefe, a ɗora musu huluna, haƙorin ƙarya kuma yana tsakiya a manne da su, duka ukun abu ɗaya ne da aka ƙera tare. A wajena, turmin baya dama yana da babban ciko, don haka hula ta zame masa gata, amma na gaban lafiyayye ne sumul, babu ko ɗigon baƙi a jikinsa, kuma shi ne asarar da na yi a wannan ciniki. Na kwana uku ina juya maganar kafin na amince, kuma in faɗi gaskiya aljihu ne ya yanke hukuncin, ba hikima ba.

An fara da haƙorin da ya fashe. Tsagewar ta kai ga jijiya, saboda haka sai da aka yi zama biyu ana cire jijiyar, ana wanke ramukan saiwar da wasu siraran allurai, sannan aka cike su. Na tambaya ko ba za a iya barinsa haka da ciko kawai ba tunda ciwon ya tafi, sai ta bayyana mini cewa haƙorin da aka rarake cikinsa ya rasa yawancin ƙarfin bangonsa, kuma irin waɗannan na tauna sukan sake tsagewa har cikin saiwa, inda daga nan babu sauran magani sai cirewa. Aikin hular shi ne ta rungume abin da ya rage ta ɗaure shi wuri ɗaya, kamar yadda ake yi wa tsagaggiyar ƙwarya ɗauri.

Wajen zaɓen abin da za a ƙera hulunan da shi, an nuna mini samfura a tafin hannu. Akwai mai ƙarfe a ciki da tangaran a waje, wadda aka daɗe ana amfani da ita tun wajen shekarun 1960, akwai kuma ta zirkoniya, wadda fara ce ciki da waje babu ƙarfe a jikinta, na'ura ce take sassaƙo ta daga dunƙule bisa awon da kwamfuta ta ba ta. A wannan asibiti farashin zirkoniya ya kusa ninka na mai ƙarfe. Na zaɓi zirkoniya ga na sama saboda yana bayyana idan na yi murmushi, na zaɓi mai ƙarfe ga gadar tunda tana can ciki. A nan ne na tuna da wata gwaggona da ta dawo daga aikin Hajji da haƙorin Makka yana walƙiya a gefen bakinta, muna yara muna yi mata barkwanci don kawai ta yi dariya mu gani. Ashe haƙorin Makka ma hula ce, bambancin kawai shi ne ita an ɗora ta ne a kan lafiyayyen haƙori don ado da shaidar an sauke farali, ba don magani ba. Likitar ta ce zinariya ta gaske tana cikin abubuwan da suka fi daɗewa a baki kuma ba ta cinye haƙorin da take gogayya da shi, matsalar tana zuwa ne idan hular ba ta zauna daidai da bakin dasashi ba, abinci ya riƙa shiga ƙarƙashinta yana ruɓar da haƙorin a ɓoye.

Ya kamata mai karatu ya san yadda ake lissafin kuɗin gada, domin ni kaina sai a teburin biya na gane. Haƙori ɗaya ne ya ɓace, amma kuɗin uku za ka biya, saboda kowane ginshiƙi ana ƙirga shi a matsayin hula guda. Sun karɓi rabin kuɗin kafin a fara, ragowar kuma ranar mannawa. Inda suka ɓata mini rai shi ne, takardar farashin da aka ba ni da farko ba ta ƙunshi kuɗin hulunan wucin gadi da ake rufe sassaƙaƙƙun haƙora da su kafin na dindindin su iso ba, ba ta kuma ƙunshi kuɗin 'yar siririyar sandar da aka kafa cikin saiwar haƙorin sama don ta riƙe cikon da hular za ta zauna a kai ba. Sai da aka gama aiki, leɓena yana a sandare da allura, sannan aka miƙo mini ƙarin lissafi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da jimillar, amma mutumin da ya tsara albashinsa a kan wani adadi bai kamata a tare shi da wani adadin a bakin ƙofa ba.

Ranar sassaƙa ita ce mafi nauyi, kusan awa biyu ina kwance baki a buɗe. Allurar kashe zafin ta yi aiki sosai, kuma likitar ta fara shafa wani mai a dasashin kafin ta soka, don haka ban ji komai ba sai ɗan tsikari. Abin da allura ba ta kashewa shi ne ƙarar injin da ke ratsa ƙashin kai, da feshin ruwa, da wani ƙauri mai kama da na ƙahon da aka ƙona. Da ta ba ni hutu na kurkure baki, na kai harshe wurin, sai na ji haƙoran da na sani shekara da shekaru sun koma 'yan tsirarun turaku masu santsi, gabana ya faɗi. Daga nan ta tura wani siririn zare tsakanin dasashi da haƙori don gefen ya fito fili, ta cika wani faranti mai siffar kofaton doki da wani abu kamar ƙullun alkaki mai launin shuɗi, ta danna mini a baki na tsawon mintuna. Mai saurin tashin zuciya ya shirya wa wannan mataki, domin sau biyu ina yunƙurin amai, ma'aikaciyar tana cewa, "Sannu Malam, ja numfashi ta hanci, saura kaɗan." Zaɓen launi kuwa a bakin taga aka yi shi da hasken rana, ana kara wasu 'yan haƙoran gwaji masu lamba a jikin nawa ɗaya bayan ɗaya. Na so a ba ni mafi fari, likitar ta hana, ta ce mai cin goro da shan shayi irina idan aka sa masa fari tas a tsakiyar haƙoransa, daga nesa za a gane na saye ne. Ta yi gaskiya.

Daga nan ne aikin ya fara tangal-tangal, kuma duk matsalar daga wajen masu ƙera haƙorin take. Asibitin ba shi da ɗakin ƙira na kansa, yana aika awon ne zuwa wani gari a ƙera a dawo da shi. An yi mini alkawarin kwana 10, sai da na yi kwana 24. A tsawon wannan lokaci babu wanda ya kira ni ko sau ɗaya, ni ne nake bugawa ana ce mini gobe ko jibi. A kwana na 12 hular wucin gadin da ke kan lafiyayyen ginshiƙin ta fita ina cin tuwon shinkafa, kuma duk wanda bai taɓa jin iskar hunturu ta bugi sassaƙaƙƙen haƙori mai rai ba, ba zai gane irin zugin ba. Sun mayar mini da ita a ranar ba tare da karɓar kuɗi ba, wannan kam na yaba, amma da an cika alkawari da ba a kai ga haka ba.

Da kayan suka iso, hular sama ta zauna daram tun gwajin farko. Gadar ce ta ƙi. Likitar ta ɗora ta, ta bi gefenta da wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, ta ɗauki hoto, sannan ta ce akwai 'yar tazara tsakanin hular baya da haƙorin, ba za ta manna ba. Ni a bakina ban ji wani aibu ba, kuma da gajiyar zirga-zirga har na roƙe ta ta manna haka nan mu huta. Ta ƙi, ta ce wannan tazarar da ba na ji ita ce ƙofar da ruɓewa za ta bi, bayan 'yan shekaru in rasa ginshiƙin da gadar baki ɗaya. Aka sake ɗaukar awo, na sake jiran kwana 13, ba a ƙara mini ko sisi ba. A lokacin na fita ina ƙunƙuni, amma yau idan aka tambaye ni dalili ɗaya da zai sa in sake komawa wannan asibiti, wannan ƙin da ta yi shi ne dalilin. Mai neman kuɗi kawai da ya shafa siminti ya toshe tazarar ya sallame ni, kuma da ban taɓa sani ba sai ranar da ciwo ya tashi.

Ranar mannawa ta ƙarshe ba ta ɗauki lokaci ba. Ta sa ni cizon wata 'yar takarda mai shuɗin launi tana duba inda ya fi taɓawa, tana gogewa kaɗan-kaɗan, har sai da haƙoran duka suka riƙa haɗuwa lokaci guda, ta kuma ɗan rage tsinin turmin saman da ya zazzago don ya ba gadar wuri. Bayan ta manna ta kankare ragowar simintin daga gefen dasashi, aka sallame ni da umarnin kada in ci abu mai tauri a ranar.

Wannan umarni shi kaɗai aka ba ni, kuma a nan ne gazawarsu ta fi girma a ganina. Babu wanda ya gaya mini cewa ƙarƙashin haƙorin tsakiya na gada akwai wurin da buroshi ba ya kaiwa, aswaki ma ba ya kaiwa, kuma zaren sakace na yau da kullum ba ya shiga ta sama tunda haƙoran uku a haɗe suke. Na ci gaba da wanke baki da makilin safe da dare kamar yadda na saba, ina ganin na cika sharaɗi. A wata na uku na fara jin wani ɗanɗano marar daɗi a wurin, dasashin yana jini idan na goge, har uwargida ta yi mini magana cikin hikima a kan warin baki. Da na koma, ma'aikaciyar ta wanke wurin, sannan ta nuna mini wani zare mai kauri da tauri a baki ɗaya wanda ake zurawa ta gefe a ratsa ƙarƙashin gadar, da wani ɗan ƙaramin buroshi mai kama da na wanke kwalba. Bayanin bai ɗauke ta minti biyar ba, kuma cikin mako biyu jinin ya tsaya. Minti biyar ɗin nan a ranar mannawa ya kamata a ba ni su, a rubuce ma, da Hausa, domin hula ba ta ruɓewa amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana ruɓewa, kuma tsawon ran gada ya rataya ne a kan tsaftar ginshiƙanta.

Yanzu ina tauna da ɓangarori biyu, abin da na manta daɗinsa. Tsire, gurasa, gyaɗa da dambun nama duk ba sa ba ni matsala, amma na haƙura da shan rake da haƙori da tauna ƙashi da ƙanƙara, domin tangaran ɗin da ke kan gadar yana iya ɓantarewa ya bar ƙarfe a fili. Lafiyayyen ginshiƙin ya yi kusan mako shida yana amsa sanyi kafin ya lafa, kuma likitar ta faɗa mini cewa wani lokaci jijiyar irin wannan haƙori takan mutu daga baya har a buƙaci cire ta ta cikin hular, don haka take ɗaukar hotonsa idan na je dubawa. Hular zirkoniyar ta sama ba wanda ya taɓa gane ta sai wanda na nuna wa, sai dai na lura ba ta ɗaukar launin shayi kamar maƙwabtanta, ta yadda idan na daɗe ban je wankin haƙori ba takan ɗan fi su haske. Gadar kuwa ta fara nuna wani siririn layi mai duhu a bakin dasashi ta ɓangaren kunci, wanda gefen ƙarfen cikinta ne yake leƙowa, kuma da a gaba take da ya dame ni ƙwarai.

Ga wanda zai je wannan asibiti ko makamancinsa, hannun likitar abin dogaro ne, tsaftarsu babu abin kushewa, amma ya nemi a rubuta masa jimillar kuɗi har da na wucin gadi kafin a taɓa shi, ya tambayi inda ake ƙera haƙorin da wanda zai ɗauki asarar idan bai zauna ba, kuma kada ya sa aikin dab da biki ko tafiya yana dogaro da kwanakin da aka faɗa masa. Wanda maƙwabtan giɓinsa duka biyu lafiyayyu ne kuma yana da hali, ina ganin ya fara jin ta bakin mai yin dashe tun ƙashinsa bai sirance ba, domin da na je a shekarar farko da aka cire mini turmin, da lissafin ya bambanta. A dubawar da aka yi mini watan jiya, hoton ya nuna ginshiƙan biyu lafiya lau, amma likitar ta gano wani tsohon ciko a turmin dama na ƙasa ya fara tsagewa a gefe, ta ce shi ma hula yake nema kafin ya yi abin da na sama ya yi. Na karɓi takardar farashin, a wannan karon da komai a ciki, na ce mata sai bayan Sallah.